Daga Yamai Zuwa Damagaram: Awa Biyu Ga Wasu, Mako Guda Ga Wasu

Tun kafin ladan ya kira assalatu tashoshin manyan motocin fasinja na Yamai suke cika maƙil. Ana ɗaure kaya, ana kiran sunaye, mata na rarrashin yara, ƴan kasuwa na sake ƙirga ƙunshinsu karo na uku. Duk wanda ya yanki tikitin Damagaram ya riga ya san ba zai ga duwatsun Birni ba sai bayan isha'i, in Allah ya tsare hanya kuma mota ba ta yi gardama ba. A can gefen gari kuwa, a filin jirgin sama na Diori Hamani, ranar da aka yi sa'a akwai jirgi, wani matafiyin sai ya karya kumallo a gidansa, ya yi azahar a Damagaram, ya gama abin da ya kai shi tun rana ba ta faɗi ba. Gari ɗaya suka baro, gari ɗaya suka nufa, katin ɗan ƙasa iri ɗaya ne cikin aljihunsu. Amma in aka tambaye su nisan da ke tsakanin Yamai da Damagaram, amsa biyu za a samu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Wannan bambanci bai kamata a bar shi ga hirar tasha ba. Magana ce ta mulki, domin waɗanda ke yanke shawara kan hanya, da jirgi, da inda za a ajiye ofishi, mafi yawansu suna cikin masu amsa ta farko, talakawan da shawarar ke faɗa wa a kai kuwa suna cikin masu amsa ta biyu.

Abin da lissafi ya nuna

In aka ja zare a kan taswira daga Yamai zuwa Damagaram, miƙe ba lanƙwasa, za a samu kilomita 745 ko kusa da haka. Wannan ita ce hanyar tsuntsu, ita ce kuma ta jirgin sama. Nisa ne na gaske, har rana ma ta san da shi: tana fitowa a Damagaram kusan rabin awa kafin ta fito a Yamai, shi ya sa cikin watan azumi mutanen Zango sun sha ruwa sun yi magariba na Wadata suna nan suna duban agogo.

Jirgi mai farfela biyu, irin wanda aka fi amfani da shi tsakanin garuruwan ƙasar nan, yana gudun kilomita 450 zuwa 500 a awa in ya daidaita a sama. A raba 745 da wannan gudu, a ƙara mintocin tashi da na sauka, sai a samu awa biyu ko ƙasa kaɗan. In jirgin ya ya da zango a Maraɗi, a ƙara kamar awa ɗaya. In aka haɗa da zuwa filin jirgi da wuri, da awon kaya, da jiran jaka, tafiyar daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki ba ta wuce awa 4 zuwa 5.

Hanyar mota kuwa ba ta san miƙewa ba. Babbar hanya mai lamba 1 tana fita daga Yamai ta gangara kudu maso gabas zuwa Doso, wajen kilomita 140, ta hau zuwa Dogon Dutsi, ta bi gefen iyakar Najeriya ta isa Birnin Ƙonni a wajen kilomita 420, ta ratsa Galmi da Madawa da Gidan Rumji ta shiga Maraɗi a wajen kilomita 660, sa'annan Tasawa, sa'annan Takeita, kafin ta kai Damagaram a wajen kilomita 890. Ke nan hanya ta fi zaren taswira da kilomita 145 kawai, kuma ba a nan lokaci ke salwanta ba. Motar da ke iya gudun 90 a fili, in aka cire tsayawar salla da ta abinci, da shingayen jandarma da ƴan sanda da ƴan duwan, da wurin biyan kuɗin hanya, da tudun rage gudu a kowane ƙauye, da ramukan da damina ta bari, da amalanke da garken shanu, sai matsakaicin gudunta ya komo 60 zuwa 65. Shi ya sa tafiyar ke cin awa 14, wani lokaci fiye. Wanda zai zarce Difa, wajen kilomita 1,360 daga Yamai, sai ya kwana a hanya.

Sai a gwada da wata tafiyar. Tsakanin Yamai da Jidda akwai wajen kilomita 4,000, babban jirgin alhazai yana cinye su cikin awa 6 ko ƙasa. Tsakanin Yamai da birnin Paris akwai wajen kilomita 3,900, kuma kafin jiragen Air France su daina zuwa a watan Agusta na 2023, awa 5 da rabi ake yi. Ma'ana, maniyyacin da ya tashi daga Yamai da asuba zai iya sauka Jidda, ya wuce Makka, ya yi ɗawafi, alhali ƙanensa da ya raka shi filin jirgi ya kama hanyar gida bai wuce Tasawa ba. Ƙasar da Ka'aba ta fi kusa da babban birninta bisa ga gari na biyu ko na uku mafi girma a cikinta, ai akwai abin dubawa a tsarinta.

Yadda aka zo nan

Ba Allah ya saukar da wannan nisa daga sama ba, mutane ne suka tsara shi. Damagaram ce hedkwatar mulkin Faransawa a wannan ƙasa har zuwa 1926, shekarar da aka kwashe gwamna da ofisoshinsa aka mayar Yamai, bakin kogi, can kusurwar yamma. Dalilan Nasara nasa ne: ruwa, da kusanci da sauran ƙasashen da ya mallaka, da kuma tsoron da yake yi na gari mai sarauta mai ƙarfi wanda fatakensa suka fi duban Kano ta Ingilishi. A wancan zamani ayarin raƙuma mai yin kilomita 30 a yini sai ya yi wata guda tsakanin garuruwan biyu. Da aka samu ƴancin kai a 1960, an gaji babban birnin a inda Nasara ya bar shi, an kuma gaji ɗabi'arsa ta tattara kowane hatimi cikin aljihun tebur ɗaya.

Mutane kuwa ba su bi gwamna sun ƙaura ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17.1 a ƙasar. Jahar Damagaram na da miliyan 3.5, ta Maraɗi miliyan 3.4, ta Tawa miliyan 3.3, Yamai kuwa miliyan 1 da ɗan ɗori. Jahohin nan uku kaɗai sun ɗauki wajen kashi 60 cikin 100 na al'umma. Ke nan mafi yawan ƴan ƙasa suna zaune nesa da inda ake sa hannu a kan takardunsu, cikin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000.

Shugabannin farko sun gane hatsarin da ke cikin wannan. Ba banza aka raɗa wa babbar hanyar suna hanyar haɗin kai ba, kuma ba ƙaramin aiki ba ne shimfiɗa mata kwalta har Ngigmi, inda ƙasar Kanada ta taimaka da ɓangaren gabas. A 1961 Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa Air Afrique, a 1966 kuma aka kafa Air Niger domin haɗa garuruwan cikin gida. Air Niger bai kai ƙarshen ƙarnin ba, Air Afrique ya bi shi a 2002. Daga nan aka yi shekaru ɗan ƙasa mai kuɗinsa a hannu ba ya samun jirgin da zai kai shi Damagaram ko Agadas a ranar da aka ambata. A 2014 kamfanin Niger Airlines ya fara jigila da jiragen Fokker 50 na haya, mutane suka ce nesa ta zo kusa. Sai dai duk mai tafiya ya san yadda jigilar cikin gida take a ƙasar nan tun fil azal: kujeru kaɗan, ranaku kaɗan, ga hazo da ƙurar hunturu da ke iya hana sauka, ga jirgi ɗaya ko biyu waɗanda in ɗaya ya shiga gyara an rufe sama ke nan.

Jiragen da suka fi kiyaye lokaci a wannan sama su ne na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda hukumar abinci ta duniya ke gudanarwa domin ma'aikatan agaji. Aikin alheri suke yi, ba mai musu. Amma ɗan kasuwar Dole ba ya cikin jerin waɗanda aka yarda su hau, haka ma malamin makarantar Magarya. Baƙon da ya zo taimako ya fi ɗan gida saurin ratsa ƙasar, kuma wannan ba laifin baƙo ba ne.

An kashe kuɗi, ba a ce ba a kashe ba. Bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jaha jaha, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018, sun kawo gyaran tituna da na filayen jirage. A 2019 an sabunta filin jirgin Yamai domin taron ƙolin Tarayyar Afirka. A farkon 2016 an yi bikin layin dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, wanda bai taɓa zama hanyar fasinja ko ta kaya ba. Fili ya samu, dogo ya samu, abin da bai samu ba shi ne abin hawan da talaka zai dogara da shi ranar Talata ko Alhamis, bayan an naɗe tabarmin biki baƙi sun watse.

Me ke kai mutane Yamai?

Kafin a yi gardama kan jirgi da mota, ya kamata a leƙa cikin motar asuba a ga su wa ke ciki, da abin da ya fito da su. Akwai masu zuwa biki da ta'aziyya, akwai ɗalibai, akwai masu saro kaya, waɗannan tafiyarsu ta ganin dama ce ko ta neman riba. Amma akwai wani kaso babba wanda ba ya son tafiyar, ba ya kuma samun kome a cikinta: mutanen da takarda ta taso.

A ɗauki malamin makaranta a wani ƙauyen Mirya, wanda ya cika shekarun ƙarin girma, takardunsa suka tafi Yamai suka yi shiru. Ya aika, ya yi waya, ya roƙi wani ɗan garinsu ya leƙa masa, ba labari. Daga ƙarshe ya tuna da maganar magabata cewa zuwa da kai ya fi saƙo. Yini ɗaya daga ƙauye zuwa Damagaram. Yini ɗaya a mota. Ya isa cikin dare a gajiye, ya sauka gidan ɗan'uwa wanda shi ma da ƙyar yake ciyar da nasa. Washegari a ce masa mai sa hannu ya tafi taro. Jibi a ce takarda ɗaya ta ɓace cikin dosiye, sai ya sake kawo ta da tambari. Rana ta uku a ce ya dawo bayan wata guda. Yini ɗaya komowa, yini ɗaya zuwa ƙauye. Mako ya tafi. Cikin makon nan yara 60 ko 70 suna zaune ba malami, kuma ba wani littafin gwamnati da za a rubuta wannan hasara a cikinsa. Haka tsohon ma'aikacin da ke bin haƙƙinsa na ritaya, haka matar da mijinta ya rasu a bakin aiki take ɗauke da marayu tana bin ofisoshi a garin da ba ta san kowa ba.

A ɗauki ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram da ke neman kwangilar gwamnati, ko lasisin shigo da kaya, ko biyan kuɗin aikin da ya gama tun bara. Kowace tafiya Yamai kwana 4 ko 5 ce ba ya shago. Abokin takararsa da ke zaune a babban birni kuwa da hantsi zai leƙa ofishin, da la'asar ya sake leƙawa, ya san sunan masinja, ya san ranar da baitulmali ke da kuɗi. A takarda gasa ce tsakanin ƴan kasuwa daidai wa daida. A zahiri ɗaya ya fara tsere da tazarar kilomita 890. Daga nan ne manyan attajiran jahohi ke gina gida na biyu a Yamai, su mayar da iyali, su mayar da jari, garuruwansu su zama wurin zuwa salla da zaman makoki.

A ɗauki marar lafiya. Damagaram na da babban asibitin ƙasa, Maraɗi ta samu babban asibiti na zamani, wannan ci gaba ne. Amma lokacin da aka buɗe wurin gasa cutar daji da na'ura na farko a ƙasar, a 2021, a Yamai aka buɗe shi. Matar da ciwo ya ci ƙarfinta, wadda zama na awa ɗaya ke gagara, ita ce za ta yi awa 14 a kujerar mota. Ga irinta bambancin awa 2 da awa 14 ya wuce maganar jin daɗi.

Tikitin jirgi kuwa, ko da an samu jirgin, ba nata ba ne. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024, bayan ya yi shekaru fiye da goma a jika 30. Kujerar jirgi zuwa kaɗai ta fi wannan albashi na wata, ta kuma ninka kuɗin mota sau da yawa. To wa ke hawa? Wanda ba daga aljihunsa kuɗin ke fita ba: babban ma'aikaci mai takardar izinin tafiya aiki, ma'aikacin ƙungiyar agaji, ma'aikacin kamfanin mai, sai attajiri ɗaya ɗaya. Harajin mai sayar da albasa a Galmi yana cikin kuɗin da aka biya wa na farkon, jirgin kuma ta bisa kansa yake wucewa.

Wanda bai sha hanya ba

A nan ne cutar take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan sha'ani mai gyaran rufi ba ya kwana a ɗakin. Babban da zai je rangadi Damagaram, in bai hau jirgi ba, zai bi hanya cikin jerin motoci masu sanyi, jiniya a gaba, shingaye a buɗe tun daga nesa. Bai taɓa sauka ya yi layi da katin shaida a hannu cikin zafin watan Afrilu ba. Bai taɓa kwana a bakin hanya don gada ta karye ba. A kansa Damagaram tana nan kusa, don haka in aka ce masa a tura takarda Yamai a sa hannu, ba ya jin nauyin maganar. Ba mugunta ba ce dole, rashin ɗanɗanawa ne, kuma sakamakonsu ɗaya ga wanda abin ya shafa.

Taron ƙasa na 1991 ya yi dogon zance kan raba mulki zuwa jahohi. A 1993 ɗan Damagaram, Mahamman Usman, ya zama shugaban ƙasa ta hanyar zaɓe. A 2004 aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi, a 2011 aka zaɓi na jahohi, a 2024 mahukuntan soja suka rushe su suka naɗa wakilai. Farar hula sun yi mulki, soja sun yi, jam'iyyu sun hau sun sauka, ƴan gabas da ƴan yamma da ƴan arewa duk sun zauna kujerar. Abin da bai gusa ba shi ne hatimi. Wannan ya isa ya nuna cewa matsalar ba ta ƙabila ko ta yanki ba ce, kuma masu son mayar da ita haka suna neman ƙuri'a ne kawai. Duk wanda ya shiga ofishin da kowa ke zuwa roƙo, daga ko'ina ya fito, ba ya son ya ga layin ya ragu.

Sakamakon haka a bayyane yake ga mai duban taswira. Daga Damagaram zuwa Kano wajen kilomita 240 ne, daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai 100 ba. Ɗan kasuwar da zai je Dubai ko Sin ko Umra ya daɗe da gane cewa filin jirgin Malam Aminu Kano ya fi masa kusa da na Diori Hamani nesa ba kusa ba. Ba abin zargi ba ne, zumunci da ciniki tsakanin garuruwan nan sun girmi iyakar kanta, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai ƙara ɗaure su in ya kammala. Amma an ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, an sake gani daga Agustan 2023 zuwa farkon 2024. Ƙofar maƙwabci, kome kirkinsa, mabuɗinta ba a hannunka yake ba. Ƙasar da ke kiran kanta mai cikakken iko ba ta da hujjar barin fiye da rabin mutanenta su dogara da ita.

Masu cewa ba kuɗi

Za a ce jirgin sama kayan alatu ne a ƙasar da ake fama da yunwa da rashin tsaro, kuma kowane kamfanin jirgi na gwamnati a wannan yanki ya ƙare da bashi. Gaskiya ne, kuma ya kamata a riƙe wannan gaskiya da kyau. Air Afrique bai mutu don rashin fasinja kaɗai ba: gwamnatoci sun riƙa ɗaukar tikiti bashi ba su biya, an cika ofisoshi da ƴan uwa da abokan arziki. Duk wanda ya zo da shawarar sayen manyan jirage don a fenta tutar ƙasa a wutsiyarsu, a tambaye shi wa zai biya kuɗin mai da na gyara shekara ta uku.

Amma amsar wannan ba ita ce a naɗe hannu ba. Ko da an samu jirgi mai kujera 50 yana tashi kullum, bai kwashe abin da babbar mota ɗaya ke kwashewa ba, ga shi motocin asuba ba ɗaya ba ne ba biyu ba. Jirgi ba zai taɓa zama abin hawan jama'a ba a halin da ake ciki. Saboda haka duk gyaran da ya fara da jirgi ya fara ta wutsiya. Tafiyar da ta fi kowace sauri, ta fi kowace araha, ita ce wadda ba a yi ba don an biya wa mutum bukatarsa a garinsu.

Za a kuma ce zamani ya sauya, akwai waya, akwai intanet, ana aika kuɗi daga Yamai zuwa Gure cikin minti ɗaya. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne babban abin kunyar. In kamfanonin aika kuɗi masu zaman kansu sun iya tabbatar da mutum, su miƙa masa dukiyarsa a kowane lungu na ƙasar nan, me ya hana ma'aikatar gwamnati tabbatar da cewa malamin Mirya ya cika shekara biyu a matakinsa ba tare da ta ga fuskarsa ba? Na'ura ba ta rasa ba. Niyyar sakin alƙalami ce ta yi ƙaranci.

Abin da ya kamata

Na farko, a kai sa hannu inda mutane suke. Ƙarin girman ma'aikata, da takardun ritaya, da haƙƙin marayu, da biyan kwangilolin da ba su wuce wani adadi ba, a ba daraktocin jahohi da ma'ajin jahohi ikon gama su a can, da wa'adin da aka rubuta aka manna a ƙofar ofishi. In wa'adi ya wuce ba amsa, mai ofishin ne zai yi bayani. Kowace ma'aikata ta buga jerin takardun da har yanzu sai an je Yamai, ta kuma faɗi dalili a kan kowace ɗaya. Da yawa daga cikinsu ba za su jure wa wannan tambaya ba.

Na biyu, a riƙe hanya mai lamba 1 kamar yadda ake riƙe jijiyar wuya. Kuɗin da ake karɓa a wuraren biyan kuɗin hanya a faɗa wa jama'a nawa ne a shekara, da inda aka zuba su. A toshe rami tun yana ƙarami, kafin damina, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A hana manyan motoci ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin kwalta. Shingayen tsaro kuwa, ba mai hankalin da zai ce a ɗauke su a wannan zamani, amma a haɗe na jandarma da na ƴan sanda da na duwan wuri ɗaya, a bincika sau ɗaya da kyau, maimakon a sauke fasinja sau goma a duba kati ɗaya. In matsakaicin gudu ya tashi daga 62 zuwa 75, tafiyar ta komo awa 12. Awa biyu ke nan aka mayar wa dubban mutane kowace rana, kuma ba jirgin da zai iya wannan.

Na uku, sai jirgi, daidai ƙarfin ƙasa. Gwamnati ba sai ta mallaki jirgi ba. Ta yi yarjejeniya a fili da kamfanin da ya cika sharuɗɗan lafiyar jirage, ta ɗauke masa wani kaso na hasara, shi kuma ya ɗaure kansa da ranaku tabbatattu zuwa Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa, da tara in ya saɓa ba dalili. Tikitin ma'aikatan gwamnati a biya shi hannu da hannu, kada a maimaita abin da ya kashe na baya. A kowane tashi a keɓe kujeru kaɗan masu rahusa ga marasa lafiyar da likita ya tura, a kuma hana kowane babba, kome girmansa, sauke fasinjan da ya biya don ya zauna.

Na huɗu ba ya bukatar ko dala. Duk wanda aka naɗa minista, ko babban sakatare, ko babban darakta, a wajabta masa sau ɗaya a shekara ya yanki tikiti a tasha kamar kowa, ya shiga motar asuba daga Yamai zuwa Damagaram, ba jiniya ba rakiya, ya sauka a kowane shinge da katinsa a hannu. Za a ce wasa ne. To a gwada shekara ɗaya tak, a ga ko ramukan da ke tsakanin garuruwa za su kai baɗi, a ga ko za a sake cewa tsoho mai shekara 60 ya dawo bayan wata guda. Gani ya kori ji.

Kilomita 745 na sama da 890 na ƙasa suna nan, ba gwamnatin da za ta rage ko ɗaya. Amma makon da malamin makaranta ke ɓatawa don sa hannu ɗaya, da kwanakin da ɗan kasuwa ke rufe shago, da awowin da marar lafiya ke yi a kujerar mota, mutane ne suka ɗora su, mutane kuma za su iya sauke su. An kira hanyar nan hanyar haɗin kai tun zamanin iyaye. Sunan zai cika ne ranar da mutumin Damagaram zai tafi Yamai don ya ga dama, ya je ziyara ko ciniki ya komo. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah shi ba masu alƙalami ikon ji, shi kuma kai matafiyan asuba gida lafiya.